Yadda Za Ka Canza Tairod Ɗin Motarka da Hannunka

Matsalar tairod ɗin motata ta fara ne a ƙarshen damina. Duk ramin da na faɗa sai in ji "ƙwas" daga ƙasan ɓangaren mai zaman banza, kamar an buga cokali a jikin tukunya. Na yi kunnen uwar shegu da ƙarar wajen wata biyu. Daga nan sitiyari ya fara wasa, in na hau titi mai kyau sai mota ta riƙa yawo hagu da dama kamar mai gyangyaɗi. Ranar da na tsuguna na shafa tayar gaba, gefenta ɗaya ya suɗe kamar tafin hannu, alhali tsakiyarta da sauran zane. Tairod ne ya tafi, ya kuma tafi da taya.

Tun daga lokacin na canza na motata sau biyu, na kuma taya 'yan'uwa canza nasu. Kwancewa da ɗaurewa ba su da wuya, yaron gareji mai wata uku zai iya. Inda ake faɗuwa shi ne awo. Wanda ya auna, ya yi alama, ya rubuta kafin ya ɗora sifana, ya ci rabin aikin. Zan ɗauki Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 a matsayin misali, saboda ita na fi sani kuma ta cika titunanmu. Tsarin ɗaya ne a Camry da Accord da Golf da yawancin ƙananan motoci, sai dai girman noti da ƙarfin ɗauri su bambanta.

Abin da za ka taɓa

A bayan inji, ƙasa-ƙasa, akwai doguwar sandar ƙarfe mai haƙora a kwance cikin bututu. Ita ce rak. In ka murɗa sitiyari, wani ɗan ƙaramin giya yana tura ta hagu ko dama. A kowane bakinta an ɗaura sanda siririya wadda take kai wannan turi zuwa taya. Sandar kashi biyu ce. Na ciki, wanda yake ɗaure a jikin rak, yana ɓoye cikin roba mai lanƙwasa-lanƙwasa, makanikai suna ce masa rak-en. Na waje, mai kai kamar dunƙulen hannu, shi ne tairod-en, kuma shi ake nufi in an ce "tairod" kawai. A Maraɗi da Damagaram rotil za ka ji ana cewa, daga Faransanci. Kowanne yana da ƙwallon ƙarfe a cikin kwano, yana juyawa cikin giris kamar gaɓar kafaɗa.

Na wajen yana da wani yatsa na ƙarfe mai kauri a gindi, siriri a sama, wanda yake shiga rami a hannun nokul, wato ƙarfen da taya da birki suke ɗaure a jikinsa. Na ciki kuma yana da dogon zare a ƙarshensa, na waje yana hawa kan zaren, sannan wani noti ya kulle su. Wannan zaren shi ne saitin motarka gaba ɗaya. A yawancin ƙananan motoci zagaye ɗaya yana ƙara ko rage tsawon sandar da kusan milimita 1.5, kuma kafin wannan ɗan motsi ya isa bakin taya ya riga ya ninka sau da yawa. Ma'aunin Corolla shi ne tayoyin gaba su tsaya daidai da juna, kuskuren da aka yarda da shi bai wuce milimita 2 ba. Ka ga ke nan zagaye ɗaya tak ya isa ya fitar da kai daga layi.

Abin da yake kashe tairod a wurinmu sananne ne. Rana tana busar da robar da take rufe ƙwallon, ta tsage, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga, giris ya koma kamar yashin goge ƙarfe. Ramuka da tudun rage gudu su ƙarasa. In aka bar shi har ƙwallon ya fice daga kwanonsa, tayar nan ta zama 'yar kanta, sitiyari ba shi da iko da ita.

Ka tabbatar shi ne kafin ka sayi komai

Ƙara a ƙasan mota ba kullum tairod ba ne. Boljoyin, wato gaɓar ƙwallon da take riƙe nokul ta ƙasa, yana yi, 'yan sandunan sitabilaiza suna yi, bushin yana yi. Rawar sitiyari a kan gudu kuma sau da yawa balansin taya ne.

Ɗaga tayar gaba ta bar ƙasa. Ka ɗauke ta a matsayin fuskar agogo, ka kama ƙarfe 3 da ƙarfe 9, ka girgiza gajere-gajere da sauri, hannu ɗaya yana turawa ɗaya yana ja. In ka ji ɗan "ƙyat-ƙyat" kafin sitiyari ya motsa, akwai wasa a layin tairod. Sai ka kama ƙarfe 12 da ƙarfe 6. Wasa a nan ya fi nuna boljoyin ko beyarin taya.

Yanzu kana buƙatar mutum na biyu. Shi ya riƙa girgiza tayar, kai kuma ka ɗora tafin hannu a kan na waje, yatsunka suna taɓa hannun nokul. Hannu ya fi ido gani a nan, za ka ji ƙarfe biyun suna motsi daban-daban. In babu komai, matse robar rak da yatsu har ka ji ƙwallon na ciki, a sake girgizawa. In yana shiga yana fita a ƙarƙashin yatsunka, rak-en ne. Kana nan kuma ka duba ko robar ta jiƙe. In ka matsa ka ji mai ya taru a ciki, ko ka ga jan man sitiyari yana ɗiga, to sil ɗin rak ne, wato zoben robar da yake tare mai, ya fashe, sabon rak-en ba zai tsayar da yoyon ba. Wannan wani aikin ne daban, kuma na gareji ne.

Gwada ɓangare biyun. In ɗaya ya mutu na kan canza duka na wajen biyu, tunda shekarunsu ɗaya, ramukan da suka faɗa ɗaya, kuɗin alaimen, wato saita tayoyi da na'ura, kuma sau ɗaya zan biya.

A kasuwa

Ko Ƙofar Ruwa ka nufa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko shagon garinku, ka tafi da shekarar motar da lambar shasi, in da hali har da hoton tsohon a waya. A Toyota lambar tairod na dama tana farawa da 45046, na hagu 45047, rak-en kuma 45503. Hagu shi ne ɓangaren direba a motocinmu. Na hagu da na dama a wannan Corolla ba ɗaya ba ne, kowanne da inda ya lanƙwasa, don haka kada a ba ka iri ɗaya guda biyu.

Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wanne kake so, mai kyau ko na biyu? Akwai kuma Beljiyam." Fitila ko madubi ko ƙofa, na yarda da Beljiyam. Tairod kuwa a'a, don ba ka san kilomita nawa ya ci a ƙasar da ya baro ba. Sunayen da aka sani a wannan fanni akwai 555 na Japan da CTR na Koriya, a motocin Jamus kuma Lemförder da Febi da TRW. Sai dai suna a kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun iya buga kwali. Ciro shi ka riƙe. Yatsan sabon tairod mai kyau yana da tauri, sai ka sa ƙarfi zai motsa, kuma motsin sumul ne ba gargada. Zaren ya zama mai tsabta. Robar ta yi laushi, da zoben waya yana riƙe da ita. Wanda yatsansa yake reto da kansa tun a shago, mayar masa da abinsa.

Akwai kuma masu "gyara" tsohon tairod, su daddoke murfin ƙasa da guduma ko su cusa roba don ya matse. Ƙarar za ta ɗauke na mako biyu, ƙwallon da ya cinye yana nan yadda yake.

Kayan aiki: jak, sitan na ƙarfe guda biyu (ƙafafun da ake ɗora mota a kai bayan an ɗaga ta), sifanar taya mai lamba 21, sifanu daga 12 zuwa 22 (17 da 19 za su fi shan aiki), filaya, guduma mai ɗan nauyi, buroshin waya, man kwance tsatsa irin WD-40, tef na ƙarfe, da abin yin alama. Ni jan farce nake arowa a cikin gida, ya fi alli zama a jikin ƙarfe. In za ka samu aron fula, wato ƙarfen da ake matse yatsan tairod da shi ya fita daga nokul, da sifana mai awon ƙarfi, ka samu. Sabon fin na tsaga, wato ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da ake zurawa a hujin yatsan don noti kada ya warware, dole ne, yawanci yana zuwa a cikin kwalin. In har da rak-en za ka canza, ƙara babbar sifana mai daidaitawa, giris, sababbin kilif na roba, da sabuwar robar in tsohuwar ta tsage.

Ka zaɓi ranar da ba ka da uzuri. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma noti ɗaya mai tsatsa yana iya cinye maka awa biyu.

Ɗaga mota

Nemi daɓen siminti mai shimfiɗe. A kan yashi jak nutsewa yake yi. Miƙar da sitiyari, ja birkin hannu, sa giya ko P, ka tokare tayoyin baya da katako gaba da baya. Sassauta notunan taya kaɗan tun mota tana ƙasa. Ɗaga ta a wurin da kamfani ya yi wa jak alama a gefen ƙasa, ka sauke nauyin a kan sitan.

Kada ka dogara da jak shi kaɗai, kuma kada ka jera bulo. Bulon siminti ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi gaba ɗaya. In babu sitan, guntun katako mai kauri a kwance ya fi bulo sau goma. Tayar da ka cire ma tura ta ƙarƙashin gefen motar, ko da wani abu ya kufce ta tare. Girgiza motar da hannu kafin ka sa kanka a ciki.

Ɓangare ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayan. Wanda ba ka kwance ba shi ne madubinka in ka rikice.

Awo, sannan kwancewa

Goge zaren da notin kulle da buroshi, fesa mai, ka ba shi minti 10 ko 15. Kana jira sai ka yi aikin da ya fi komai muhimmanci.

Nemi wuri tsayayye a jikin sandar ciki, misali inda ƙaramin bakin robar rak yake zaune. Auna daga nan zuwa tsakiyar murfin ƙwallon na waje, ka rubuta da milimita. Auna kuma tsawon zaren da ya rage a fili bayan notin kulle. Ja layin jan farce a tsaye daga notin zuwa sandar. Ɗauki hoto. Rubutu a takarda nake nufi, ba a ka ba. Na taɓa riƙe lissafi a ka, aka yi mini sallama a ƙofar gida, kafin in dawo 17 da 19 sun cakuɗe mini.

Notin kulle shi ake fara sassautawa, tun tairod yana maƙale a nokul, don nokul ɗin ne zai riƙe maka shi. Sa sifana ɗaya a wurin da aka fafe a jikin tairod, ɗaya a kan notin, ka karya ɗaurin. Kwata zagaye ya isa. Bar shi nan, shi ma alama ne. Wanda ya fara cire tairod daga nokul zai dawo yana kokawa da sanda mai reto.

Sai fin. Miƙe ƙafafunsa da filaya, ka zare ta wajen kai. In ya ruɓe, karya ƙafafun ka tura ragowar da siririn ƙusa. Kwance notin mai tsage-tsage a ka, amma kada ka cire shi duka, bar shi a ƙarshen zaren don tairod kada ya fizgo ya doke ka.

Yanzu yatsan ya manne a raminsa, haka aka ƙera shi. In da fula, zura ta a hankali kada ta yaga roba, ka ɗaure har ka ji "ɗas". Ƙarar tana firgita wanda bai saba ba. In babu fula, guduma za ta yi, amma a san inda za a doka. Gefen hannun nokul ake doka, daidai inda ramin yake, duka gajere mai kaifi. Girgizar ce take sakin yatsan. In ka tokare ɗaya gefen da wata gudumar ya fi saurin saki. Duka uku zuwa goma yawanci ya isa. Dukan kan yatsan daga sama yana buɗa zaren ya hana noti fita. Ka kula da tiyon birki da wayar ABS da suke kusa. In kuma nokul ɗin motarka na alminiyam ne, kamar yadda yake a wasu sababbin motoci, ajiye guduma ka nemo fula. Wuta ma ba ta da wuri a nan, ga roba ga giris ga tiyon birki.

Da ya saki, cire notin, fitar da yatsan, ka fara warware tairod daga zaren kana ƙirgawa da baki. Duk lokacin da yatsan ya dawo inda ya faro, zagaye ɗaya ke nan. Rabin zagaye na ƙarshe ma rubuta shi.

Ajiye tsoho da sabo gefe da gefe. Duba lanƙwasa, kaurin yatsa, da tsawo daga tsakiyar ƙwallo zuwa bakin zare. A nan ne za ka gane amfanin awo biyu. Kamfanoni ba sa yin tsawo ɗaya daidai, bambancin milimita 2 ko 3 ba abin mamaki ba ne. In tsawonsu ɗaya, ƙirgen zagaye ya wadatar. In sun bambanta, awon tef za ka bi.

In rak-en lafiya lau yake, tsallake zuwa ɗaurewa.

Rak-en

Wannan ya fi wahala, saboda wurin a matse yake kuma rak abu ne mai tsada da ba ya son wulaƙanci. In ka leƙa ka ga sifanarka ba za ta shiga ba, babu kunya a mayar da komai a kai gareji.

Warware notin kulle ka cire, bayan ka tabbatar ka rubuta inda yake. Matse ƙaramin kilif da filaya ka zame shi. Babban kilif na ciki sau da yawa sai an lalata shi yake fita, shi ya sa na ce ka sayo sabo. Murɗa robar ta saki, ka zare ta. A wasu motoci akwai siririn bututun iska da ya haɗa robar hagu da ta dama, lura da inda yake shiga.

Juya sitiyari a hankali har bakin rak ya fito ɓangaren da kake aiki. Za ka ga gidan ƙwallon rak-en, a bayansa kuma a motocin Toyota da yawa akwai wani wosha da aka lanƙwasa bakinsa a kai don ya hana shi warwarewa. Miƙe lanƙwasar da bakin sukudireba da ɗan duka marar ƙarfi. Duka mai nauyi a nan yana tafiya kai tsaye cikin haƙoran rak.

Ga inda mutane suke ɓarna. In ka ɗora babbar sifana a kan rak-en ka danna, rak ɗin kansa zai so ya murɗe, ƙarfin kuma ya sauka a kan ɗan giyan nan na ciki. Don haka riƙe rak da wata sifanar a wurin da aka fafe masa, ka warware rak-en da ɗayar. Kada haƙoran sifana su taɓa sashen rak mai sheƙi, nan ne sil yake gogawa, ƙarzane ɗaya ya isa ya jawo yoyon mai.

Gwada tsawon sabon da tsohon. Sa sabon wosha, 'yan haƙoransa su faɗa cikin tsagar da take bakin rak. Fara ɗaura rak-en da hannu har ya zauna, sannan ka ɗaure shi tamau kana riƙe da rak kamar ɗazu, gwargwadon ƙarfin da littafin motarka ya faɗa. Lanƙwasa bakin woshan a kan wurin da aka fafe. Motar da ba ta da wosha, maganin kulle zare irin Loctite ake ɗigawa. Shafa giris a kan ƙwallon, da ɗan kaɗan a inda ƙaramin bakin roba zai zauna, don sandar ta iya juyawa a ciki lokacin saiti. Mayar da roba ba tare da ta murɗe ba, ɗaure kilif biyun. Wayar ɗaure kaya ko tsumma ba kilif ba ne, kuma robar da ta zame hanyar ruwa ce zuwa cikin rak. Mayar da notin kulle inda awonka ya ce, ka dawo da sitiyari tsakiya.

Ɗaurewa

Ɗan shafa giris a dogon zaren, wanda zai yi alaimen gobe zai gode maka. Hau da sabon tairod kana ƙirga zagaye, sannan ka tabbatar da tef. Goge yatsan da ramin nokul da tsumma su bushe ƙarau. Nan ba a sa giris, don gogayyar ƙarfe da ƙarfe ce take riƙe su. Zura yatsan ya zauna. In ka ga yana reto a ramin ko ya nutse fiye da tsohon, kayan ba na motarka ba ne.

Da Nm ake auna ƙarfin ɗauri, kuma a Corolla notin mai tsaga yana son Nm 49, notin kulle Nm 74, notunan taya Nm 103. In ba ka da sifana mai awo, ga ƙiyasi: Nm 49 kamar ka rataya jarkar ruwa mai lita 20 ne a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 25. Na kulle kuwa jarka ɗaya da rabi. Ƙarfin hannu ne, ba na taka sifana da ƙafa ba.

Bayan ɗauri, duba ko tsagar notin ta yi daidai da hujin yatsan. In ba ta yi ba, ƙara ɗaurewa kaɗan har tsaga ta gaba ta zo, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin shida na zagaye ba. Ba a sassautawa don neman huji. Zura sabon fin, ka lanƙwasa ƙafafunsa. Na sha ganin ƙusa ko guntuwar waya a wannan huji, na kuma ga inda babu komai sam. Fin ɗin nan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Wasu motocin, irin su Golf, ba su da fin, notinsu yana da roba a ciki mai kama zare. Irin wannan ba a maimaita tsohonsa. In yatsan yana juyawa tare da notin, duba ƙarshensa, galibi akwai ramin alanki da za ka riƙe shi, ko ka danna kan tairod cikin raminsa da ƙarfi har ya kama.

Sai notin kulle. Riƙe tairod da sifana yadda kansa zai zauna a miƙe a kan yatsan, ba a karkace ba, ka ɗaure. Bayan nan kama sandar ka murɗa da hannu, ya kamata ta ɗan juya gaba da baya. Mayar da taya, ɗaura notuna da hannu, sauke mota, ka ɗaure su a tsallake, ɗaya nan ɗaya can kamar zanen tauraro. Sannan ka koma ɗaya ɓangaren.

Saitin wucin gadi da tef

Tura motar baya kamar mita 3, ka dawo da ita gaba, sitiyari a miƙe, don ƙafafun su zauna. Zaɓi layin zane ɗaya a kowace tayar gaba. Kai da mataimakinka ku auna tazarar da take tsakanin layukan biyu ta gaban tayoyin, a tsayin da tef zai wuce bai taɓa komai ba, sannan ku auna ta baya a tsayi ɗaya. In na gaba ya fi gajarta, tayoyin suna kallon juna. In ya fi tsawo, sun buɗe waje. Kana neman awo biyun su zo ɗaya ko kusa da haka.

In da gyara, sassauta notin kulle da ƙaramin kilif, ka juya sandar ciki da sifana, ba sai ka sake cire tairod daga nokul ba. A Corolla rak yana bayan tsakiyar taya, saboda haka ƙara tsawon sanda yana tura bayan taya waje, gabanta ya kalli ciki. Rage tsawo kuma akasin haka. Yi kwata-kwata zagaye, daidai wa daida a hagu da dama, ka sake tura mota, ka sake awo.

Kafin ka fita titi, tayar da inji ka murɗa sitiyari har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, wani yana leƙawa ko akwai abin da yake gogawa ko roba tana murɗewa. Zagaya unguwa a hankali, ka taka birki, ka hau ɗan gargada, ka saurara.

Wannan saitin na kai ka wurin alaimen ne kawai. A karona na farko mota ta tafi ɗoɗar, na ce ai na huta da biyan kuɗi. Ba a yi wata biyu ba gefen sabuwar taya ya fara suɗewa, garin neman gira na rasa ido. Mota tana iya tafiya a miƙe alhali tayoyin biyu suna jan juna, kowacce tana goge titi a karkace.

A wurin alaimen, ka tabbatar iskar tayoyi daidai take kafin a fara. Ka ce wa mai aikin, "Malam, tairod na canza duka biyu, a kafe sitiyari a tsakiya, a raba saitin hagu da dama." Mai gaggawa yakan juya ɓangare ɗaya kawai, sitiyari ya fito a karkace, sannan ya ce zai cire shi ya gyara masa zama. Kada ka yarda. A ƙarƙashin sitiyari akwai naɗaɗɗiyar wayar jakar iska da hon, kuma rak ɗin da bai zauna tsakiya ba yana sa mota ta fi lanƙwasa ta gefe ɗaya. Zaren da ya rage a fili hagu da dama ya kamata su yi kusan daidai. Sababbin motoci masu na'urar hana santsi kuma wasunsu sai an sake saita na'urar kusurwar sitiyari da kwamfuta. Tsaya a wurin har ka ga an ɗaure notunan kulle biyun da idonka.

Bayan kwana biyu ko uku ka sake bin notunan taya da sifana, ka leƙa fin da notin kulle da kilif ɗin roba. Bayan mako biyu kuma ka shafa tafin hannu a kan zanen tayar gaba, daga ciki zuwa waje, sannan daga waje zuwa ciki. In ta gefe ɗaya sumul, ta ɗayan kuma yana kartar hannu kamar haƙoran zarto, saitin bai zauna ba, ka koma wurin mai alaimen tun takardar biyan kuɗin tana aljihunka.